MU ZAGA ƘASA: Kura, Garin Turkuɗi Da Shinkafa

A wannan mako filin namu zai yada zango ne a Kura, tsohon garin kasuwanci da ke kimanin kilomita 30 kudu da birnin Kano, a kan hanyar Zariya. Matafiya da yawa kan wuce ta a guje, ba su ganin kome sai buhunan shinkafa jibge a bakin titi. Alhali kuwa tun kafin motar farko ta shigo ƙasar Hausa, sunan garin nan ya riga ya ƙetare Hamada.

Abin da ya kai sunan can kuwa shi ne turkuɗi, wanda har rawaninsa ake kira ɗan Kura. Aikinsa ba na mutum guda ba ne. Masaƙa su saƙa ƙyallaye sirara ƙwarai, maɗinka su harhaɗa su da allura, marina su yi ta tsoma su cikin ruwan baba da toka har su yi baƙi wuluk. Daga nan sai mabuga, inda ake barbaɗa shuni, a ɗora bisa gungume a yi ta bugu har ya riƙa walƙiya kamar an shafa masa mai. Buzaye su ne manyan masu saye, gama a wurinsu shunin da ke zuba a fatar mutum ado ne da alamar wadata. Ayarin Azbin ya zo da gishirin Bilma da dabino, ya koma da hatsi da turkuɗi. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuwa rubuta cewa tufafin ƙasar Kano na kai wa har Tambutu da Tarabulus.

To, wanda ya je Kura kada ya tsaya a bakin titi. Ya kutsa cikin gari ya nemi karofi, ya dubi rijiyoyin rini, ya saurari amon bugu. Sa'an nan ya fita bayan gari, can zai ga fuska ta biyu ta Kura. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974. Daga can ruwa ke gangarowa ta manyan magudanai ba tare da inji ba, ya rarrabu cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Ƙasar da a dā aka fi noman gero da dawa da gyaɗa na damina, yanzu tsakiyar rani ma kore shar take da alkama da tumatir da albasa, damina kuwa shinkafa iyakar ganin ido. A cikin gidaje mata na turara shinkafa suna shanyawa, injina na casa, fatake daga kudu da arewa na loda motoci. Gaba kaɗan, a Kwanar Gafan, kwandunan tumatir ke kama hanyar Ikko.

Amma fa arzikin nan biyu ba tafiya ɗaya suke yi ba. Shinkafa na hawa, turkuɗi na gangara. Yadin kanti da rinin Bature sun karya farashi. Farin 1973 ya kashe dabbobin Buzaye, watau ya taɓa aljihun masu saye. Ko rufe kan iyakoki da aka yi a 2019, wanda ya ɗaga darajar shinkafar gida, hanyar da turkuɗi ke bi zuwa Nijar ya toshe. Saurayin da ya ga kuɗin da ake samu a fadama ba zai yarda hannunsa ya rine a karofi ba, ba kuwa za mu ga laifinsa ba.

Duk da haka, masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Noman rani ma yana da ranar wanka: a 2016 tsutsa ta cinye tumatir a ƙasar Kano, manoma da yawa suka tashi a tutar babu. Garin da ke da sana'a biyu ya fi mai guda jure wa irin wannan rana. Kuma magudanar da ta cushe ana iya yashe ta baɗi, amma sirrin haɗa ruwan baba, in tsohon da ya san shi ya kwanta dama bai koyar ba, shi ke nan an binne su tare.

Saboda haka muna kira ga hukuma da masarauta su tallafa wa yaran da ke son koyon rini da bugu, makarantu kuma su riƙa kai ɗalibai su gani da idonsu. Kai kuma mai karatu, ran da hanya ta bi da kai Kura, bayan ka auni shinkafa, ka shiga gari ka sayi rawani ko zane guda daga hannun mai yin sa. Cinikin yau shi ke sa marini ya sāke zuba baba gobe.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.