Otel ba fatoma ba ne

A Zangon Damagaram, tun kafin Turawa su maida fadar mulki Yamai a 1926, falke ba ya rasa gata. Fatoma ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya masa in bashi ya ƙi fita. La'ada yake ci, gaskiya ne, amma da guminsa. Ƙaramin otel na tsakiyar gari ya gaji sana'ar, ya yar da amanar: a karɓi jikkunan baƙo, a miƙa masa makulli da bokiti, wuta ta ɗauke ba mai ce masa sannu. Can kuma ƙungiyoyin al'adu ke sauke baƙinsu, su kwana cikin zuffa, gari ya waye a tara su ana jawabi kan karamcin Bahaushe.