Gasar da Ta Ƙare a Bakin Ƙofa

Duk shekara, daga tsakiyar watan Mayu zuwa ƙarshen Yuni, dubban ɗaliban jami'a kan kwarara zuwa Mountain View da Menlo Park a jihar Kalifoniya, da kuma Seattle da Redmond a jihar Washington, domin horon sanin makamar aiki a Google da Meta da Amazon da Microsoft. Galibi mako 12 ne, a lokacin dogon hutun jami'o'in Amurka. Kafin ɗalibi ya samu wannan gurbi ya sha wuya: watanni yana kwana a kan tambayoyin LeetCode, ya aika takardun neman aiki bila adadin, sannan ya zauna gaban injiniyan da bai taɓa gani ba ya warware matsalar lissafi cikin minti 45, yana magana yana rubutu. Wanda ya tsallake wannan siraɗi ya cancanci jinjina. Sai dai a nan ne matsalar take farawa, domin halin da ya shigar da shi gidan shi ne wanda ya fi cutar da shi bayan ya shiga.

Intabiyu tana auna abu guda: mutum shi kaɗai, da tambaya mai tabbatacciyar amsa, da agogo yana tafiya. Aikin da ke jiran sa ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan. A 2016 wasu injiniyoyin Google biyu, Rachel Potvin da Josh Levenberg, sun bayyana cewa kamfanin yana ajiye mafi yawan rubutun manhajarsa a rumbu guda, mai layi kusan biliyan 2. Babu mahaluƙin da ya karance shi. Ɗan koyon aiki da aka ba shi ɗan gyara a wani lungu na irin wannan rumbu zai tarar cewa rubuta gyaran shi ne mafi sauƙi. Wahalar tana wajen gano wanda ke da alhakin wannan lungu, da dalilin da ya sa aka gina shi a karkace, da abin da zai rushe a wani wuri idan aka miƙe shi. Sau da yawa waɗannan amsoshi ba su cikin kowace takarda. Suna cikin kan wata injiniya da ta yi shekara shida a wurin, wadda ke zaune kujera uku daga tasa.

Saboda haka tambaya ita ce babbar sana'ar makonnin farko, kuma ita ce wadda ɗalibin da ya saba zama na ɗaya a aji ya fi ƙyama. Yana ganin duk tambayar da ya yi tamkar maki ne aka zare masa. Sai ya maƙale a kan kuskure guda kwana uku, yana murmushi a taron safe yana cewa aiki na tafiya, alhali abokin aikinsa zai warware masa cikin minti goma. A horon mako 12, inda kwanakin aiki ba su wuce 60 ba, kwana uku kashi biyar ne cikin ɗari na dukkan lokacinsa. Makon farko ya tafi wajen karɓar kwamfuta da neman izinin shiga nan da can, na ƙarshe kuma zai tafi wajen gabatar da aiki da miƙa shi. Lissafin ba ya goyon bayan shiru. Shi ya sa manajoji da yawa kan gindaya wa sabon shiga ƙa'ida mai sauƙi: ya gwada da kansa na ɗan taƙaitaccen lokaci, idan bai fita ba ya tambaya, amma ya zo da bayanin abin da ya gwada da inda ya tsaya. Tambayar da ta zo a haka takan ƙara wa mai ita daraja, domin tana nuna yadda yake tunani.

Ga ɗalibin da ya taso a gidan da ake yabon yaro da kunya da kara, inda katse babba rashin tarbiyya ne, nauyin ya ninka. Abin da aka koya masa a matsayin ladabi, a can ana iya fassara shi da rashin sha'awar aikin, ko da rashin abin cewa. Ba lallai ne ya zubar da tarbiyyarsa ba. Akwai hanyar da ta dace da mai kawaici, wato rubutu. Waɗannan kamfanoni sun dogara da rubutu fiye da yadda ake zato daga waje. A Amazon, tun 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint a tarukan manyan jami'ansa, aka koma takarda mai shafi shida da ake karantawa shiru a farkon zama kafin kowa ya buɗe baki. A Google kuwa, aiki mai girma kan fara da takardar tsari da abokan aiki za su yi wa sharhi. Wanda harshensa ke nauyi a taro, amma alƙalaminsa ke da kaifi, yana da fili a nan, muddin ya gane cewa taƙaitaccen rahoton da yake aika wa jagoransa duk ƙarshen mako wani ɓangare ne na aikin.

Sai kuma bitar aiki, wadda ita ce takan fara karya zuciya. A irin waɗannan wurare, gyara ba ya shiga rumbu sai wani injiniya ya duba ya amince. Ɗan koyo kan miƙa aikinsa na farko yana alfahari, ya dawo ya tarar da sharhi sun cika gefen shafi: sunan nan bai dace ba, ina gwajin wannan, me zai faru idan bayanan suka zo babu komai. A jami'a, jan biro mai yawa alamar faɗuwa ce. A nan kuwa yawan sharhi na nufin wani ya ware lokacinsa ya karanta da natsuwa, kuma haka ake yi wa wanda ya yi shekara goma. Abin da manaja ke lura da shi shi ne ko kuskuren mako na uku ya sake bayyana a mako na takwas.

Wannan jin da ke kama mutum cewa kuskure aka yi aka ɗauke shi, kuma nan ba da jimawa ba asirinsa zai tonu, tsohon abu ne. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun ba shi suna tun 1978, bayan nazarin da suka yi a kan mata masu babban matsayi waɗanda suka kasa yarda cewa ƙwazonsu ne ya kai su inda suke. Horon bazara gona ce mai kyau ga wannan cuta, domin ana tara waɗanda kowannensu zakara ne a makarantarsa, a zaunar da su teburin abinci guda, kowa na jin labarin abin da ɗan'uwansa ya gina, babu mai faɗin inda ya maƙale.

Abin mamakin shi ne kamfanonin da kansu sun daɗe da gano illar gasar cikin gida. Microsoft ta yi shekaru tana jera ma'aikatanta daga na sama zuwa na ƙasa, ta yadda dole wani ya zama kurar baya ko da duk rukunin gwanaye ne. Ta soke tsarin a watan Nuwamba na 2013, bayan an yi ta sukar sa da cewa yana sa injiniyoyi guje wa aiki tare da waɗanda suka fi su. Google kuma, a binciken da ta fara a 2012 mai suna Project Aristotle, ta duba rukunonin aiki 180 tana neman sirrin waɗanda suka fi nasara. Abin da ya fito a sahun gaba shi ne kwanciyar hankalin da ke ba mutum damar yin tambaya ko bayyana kuskure ba tare da tsoron muzantawa ba, ra'ayin da Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi rubutu a kansa a 1999. Ɗan koyon da ke ɓoye wa takwaransa abin da ya gano, yana ganin kujera ɗaya suke nema, yana riƙe da tsarin da masu gidan suka gwada suka ga bai yi ba. A mafi yawan lokuta ma aikinsu daban ne, manajansu daban, kuma ana auna kowa ne da mizanin abin da ake tsammani daga sabon injiniya.

Amma zalunci ne a ce wa waɗannan matasa tsoronsu ba shi da tushe. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne tayin dawowa aiki na dindindin bayan kammala karatu, kuma wannan tayi bai rataya ga ƙoƙari kaɗai ba. A watan Nuwamba na 2022 Meta ta sallami ma'aikata kusan 11,000. A Janairun 2023 Google ta sanar da sallamar 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma ta kai 18,000 kafin ta ƙara 9,000 a watan Maris. A irin wannan yanayi mutum na iya yin duk abin da aka nema, manajansa ya yaba masa a rubuce, amma a ce babu gurbi. Ga ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa lamarin ya fi tsanani. Takardar izinin karatu tana ba shi damar aiki na wata 12 bayan kammalawa, da ƙarin wata 24 idan fanninsa kimiyya ne ko fasaha, kuma idan ya yi fiye da kwana 90 babu aiki a zangon farko, izinin ya lalace. Daga nan sai neman bizar H-1B, wadda sababbin gurabenta 85,000 ne kacal a shekara. Wanda zamansa a ƙasar ya rataya ga tayin nan ba za a zarge shi ba idan barci ya ƙaurace masa.

Duk da haka, tsoron ba ya canza lissafin. Yawan gurabe ana yanke shi ne a ofisoshin da ɗan koyo ba zai taɓa shiga ba, kuma kwana a ofis har asuba ba zai ƙara ko guda ba. Abin da ke hannunsa kaɗan ne, amma yana da nauyi. Ya tambayi jagoransa tun makon farko yadda aikin da ya kammalu zai kasance, a rubuta. Ya nemi a faɗa masa gaskiyar inda yake tun kafin bitar tsakiyar zango, lokacin da gyara ke da amfani. Idan ya ga aikin ya fi ƙarfin makonnin da suka rage, ya faɗa da wuri a rage masa faɗi, domin ƙaramin abu da ya shiga hannun masu amfani ya fi katafaren abu da aka bari rabi.

Kamfanonin ma suna da nasu kason laifi, wanda ba a cika faɗa ba. Ingancin horon ya dogara ƙwarai ga jagoran da aka haɗa ɗalibi da shi, kuma sau da yawa jagoran injiniya ne da aka ɗora wa wannan nauyi bisa nasa aikin, ba tare da an koya masa koyarwa ba. Ɗalibai biyu masu ƙwazo iri ɗaya na iya fita da sakamako mabambanta, don kawai ɗaya ya samu mai zama da shi rabin awa duk kwana biyu, ɗayan kuma ya samu wanda ya tafi hutu a mako na huɗu, ko aikin da aka soke a mako na bakwai saboda an sauya alƙiblar rukunin. Kamfanin da ke kashe watanni yana tace masu nema, yana biyan su albashin da ya zarce na ma'aikata da yawa a Amurka, ya kamata ya yi irin wannan tankaɗe da rairaya wajen zaɓen waɗanda zai danƙa su a hannunsu, ya kuma rage musu wani aikin na tsawon makonnin 12.