Ƙanƙara Ta Fara Mayar Da Ajiya

Jama'a, a wannan wata mun leƙa duwatsun Alps, inda sojojin Italiya da na Ostiriya suka gwabza daga 1915 zuwa 1918, har suna haƙa ramuka cikin ƙanƙara. Da yawansu can suka kwanta dama. Yanzu ƙanƙarar tana narkewa. A 2004 gawarwakin sojojin Ostiriya uku suka bayyana a dutsen San Matteo. Abin da ƙanƙara ta saki ba ya jimawa yake ruɓewa. Shi ya sa masana ke jan na'urar rada a samanta, tana aika igiyar rediyo ƙasa, abin da ya dawo ya nuna rami ko ƙarfe. Mu dai mun yaba, domin mamaci, ko ɗan wane ne, kabari haƙƙinsa ne.