Ciwon da haihuwa ba ta raba mace da shi

Jama'a, akwai wani ciwo na mata da muke tunawa da shi kawai idan haihuwa ta yi jinkiri. Likitoci suna kiransa SOPK da Faransanci. A gidan ƙwan mace, ƙwai da yawa sukan fara girma, amma ba su nuna. Likitoci biyu na Amurka, Stein da Leventhal, su suka bayyana shi a 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce wajen mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa tana da shi, kuma yawancinsu ba su sani ba.

Ga alamunsa: al'ada ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, gashi ya tsiro a haɓa, ƙuraje su fito a fuska, jiki ya yi ƙiba, bayan wuya ya yi baƙi.

A nan Damagaram, mace mai wannan hali tana shan magana. A ce mata juya, a kai ta wurin boka, a yi mata kishiya. In Allah ya ba ta ɗa, sai kowa ya ce ta warke. Mu a ganinmu, nan ne kuskuren yake. Ciwon yana nan cikin jiki. Yana hana jiki amfani da sukari yadda ya kamata. Shi ya sa, in shekaru sun ja, ciwon sukari yakan biyo baya, da hawan jini, har da ciwon zuciya. Kuma in al'ada ta daɗe ba ta zuwa, cikin mahaifa yakan yi kauri, daga baya yana iya zama ciwon daji.

Wani zai ce ƙibar mace alama ce ta mijin kirki. Kulawa ta gaskiya ita ce mace ta tsufa da ƙarfinta, ta ga jikokinta. Magungunan ƙiba na ƴan tebur wuta suke ƙara wa ciwon.

To, me za mu yi? Mu rage sukari a shayi da fura. Mu rage mai. Mu yawaita zogala, rama, wake da ganyen lambu. A riƙa motsa jiki kullum. Mai kilo 80 in ta rage 4, jikinta zai ji sauƙi. A riƙa awon jini da awon sukari a kai a kai. Wadda al'adarta ta ɗauke don shekaru, in ta sake ganin jini, ta je likita ba tare da jinkiri ba.

Mazaje, nauyin yana wuyanmu. Ko a Mirya muke, ko Magarya, ko Matamai, mu raka matanmu likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mu babban asibitin Damagaram. Kuɗin awo bai kai kuɗin jinya ba.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya.