Ƙaton Tumatir a Bayan Ɗaki, da Yadda Za Ki San Nauyinsa Ba Sikeli

Hunturu ya kama, kuma ga wadda take Kankiya ko Kusada, wannan shi ne lokacin tumatir. Idan kika bari har zafin Maris da Afrilu ya shigo, fure zai riƙa zubewa ba tare da ya ɗaura ’ya’ya ba, domin tumatir ba ya son zafin da ya wuce kima. Ga kuma rijiyoyi sun fara ja da baya a lokacin.

Kin dai san yadda abin yake. Da rani kwando ya yi arha har ana shanya kauɗa a bakin hanya, da damina kuma sai ki riƙe kuɗin cefane kina kallon ’ya’ya huɗu a faranti. Wadda ta yi girki a 2016 ba za ta manta da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ba. Ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da nan Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin Dangote da ke Kadawa kuma ya tsaya don rashin abin sarrafawa. Buhu biyar a bayan ɗaki ba za su maye gurbin gonakin Ɗanja ba, amma za su rage miki zafi.

To, in za a shuka, me zai hana a gwada fitar da ƙato ko guda ɗaya ne? A Amurka har gasa ake yi. A 1986 Gordon Graham na jihar Oklahoma ya noma tumatir mai kilo 3.5, aka yi shekaru ba a karya tarihinsa ba. A 2020 Dan Sutherland na jihar Washington ya fitar da mai kusan kilo 4.9. A ɗakin haihuwa, jaririn da ya kai kilo 4 ma ƙato muke ce masa.

Kada ki sa ran haka daga UTC ɗinmu na kasuwa. Iri shi ne farko. Dogon tumatir an yi shi ne don miya da jure tafiya a mota, ko me kika ba shi ba zai wuce iyakarsa ba. Ki tambayi masu sayar da iri su ba ki mai faɗi, mai tsaga-tsaga a jiki. Idan dashe ya yi ganye huɗu ko biyar, ki mayar da shi buhun da kika huda ƙasansa, kika cika da ƙasa da takin gida wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Yawan yuriya kuma ganye zai ba ki, shar da shi abin sha’awa, ’ya’ya kaɗan.

Sirrin masu gasa yana cikin fure. Wani lokaci fure biyu ko uku sukan manne su fito a matsayin guda ɗaya mai faɗi, mummuna ma a ido. Shi ne ke zama ƙaton. Ki bar shi, ki tsinke sauran da ke reshen, ki kuma riƙa cire ’yan tohon da ke fitowa a hammatar ganye. Tushe ɗaya, ɗa ɗaya ko biyu. Abin da ciwo, na sani, shi ya sa nake cewa a buhu ɗaya kawai za ki yi wannan, sauran ki bar su su haihu don tukunya. Ruwa kuma kullum daidai, a gindi. Yau ƙishi gobe ambaliya shi ke sa tumatir ya tsage ko gindinsa ya yi baƙi. In ya fara nauyi, ki yi masa majanyi da tsohon ɗankwali ki ɗaure a sanda, kada ya karya reshe.

Yanzu ga inda aikina ya shigo. A wurin awo, jariri yana ciki ba ma iya ɗora shi a sikeli, tef muke ɗauka. Akwai lissafin da wasu likitoci a nan Najeriya suka wallafa a 1990, ana kiransa lissafin Dare: a auna tsawon ciki daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa, a auna kewayen ciki a daidai cibiya, a ninka su. Santimita 36 sau 90 ya ba da giram 3,240. Ƙiyasi ne kawai, kuma aikin ma’aikaciyar lafiya ne, ba na cewa ki gwada a gida ki fasa zuwa awo ba. Amma dabarar tana aiki a kan tumatir ɗin da yake rataye ba ki so ki tsinke.

Ki ɗauko tef ɗin tela, ɓangaren santimita. Ki zagaye cikin tumatir ɗin a inda ya fi faɗi, ki rubuta. Ki sake zagayewa daga wajen kara zuwa gindi ki dawo. Sai ki yi na uku, shi ma ta kara da gindi, amma ya gitta na biyun. Ki ninka lambobin uku a kalkuletar wayarki, ki raba da 60. Abin da ya fito shi ne nauyin a giram. Misali 34 sau 30 sau 29 ya ba da 29,580. Raba da 60, giram 493 ke nan, kusan nauyin ledar fiya wata guda. Dalilin da ya sa lissafin ke tafiya shi ne tumatir kusan duk ruwa ne, kuma mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne. Mai zurfin tsaga-tsaga zai ɗan yaudare ki, domin tef yana tsallake ramuka, sai ki rage kaɗan.

In an tsinke, ga hanyar tabbatarwa. Ki cika kwano da ruwa fal, ki ajiye shi cikin roba, ki danna tumatir ɗin da ɗan yatsa har ya nutse. Ruwan da ya zube ki auna shi a fida ko kofi mai lamba. Mililita 480, kusan giram 480. Ki ba yara wannan aikin, musamman wanda yake kuka da lissafi a makaranta.

Akwai abin da wannan lissafi zai amfane ki da shi a kasuwa. Nauyi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kewaye, tsalle yake yi. Tumatir mai kewayen santimita 15 giram 56 ne, mai 24 kuma giram 230. Wato babba ɗaya ya kai ƙanana huɗu. Idan mai tumatir ya kasa kashi biyu kuɗi ɗaya, wannan manya uku, wancan ƙanana takwas, ido zai ja ki wajen takwas, alhali ukun sun fi su nesa ba kusa ba. Sai dai ki matsa ki ji, in babban ya yi laushi ko ya fashe, bar shi.

Maganar ƙarshe ta feshi ce, kuma ita ta fi damuna. Mai son ƙaton tumatir yakan ji tsoron tsutsa har ya wuce gona da iri. A buhu biyar ba kya buƙatar maganin gona mai ƙarfi. Ki duba ganye kowace safiya, wanda kika ga farin zane a cikinsa ki tsinke ki ƙona, ki jiƙa dakakken ƙwallon darbejiya ki tace ki fesa da yamma. In dole ta sa an sayo magani, a karanta kwanakin jira da ke jikin kwalbar kafin a ci, mai ciki da mai goyo kada su yi feshin, kuma kada a juye shi a robar lemo. Yaro ɗan shekara biyu bai san bambanci ba, kuma mu ake kawo wa shi da dare.

Wadda ta gwada, ta ajiye mana lambobinta uku a ƙasa tare da sunan garinta, mu ga ko Kankiya ce za ta ɗauka ko Kusada.