Lafiyar Mota: Gurnanin Rulma

Rulma, wanda makanikan Najeriya ke kira boris, shi ne ke barin ƙafar mota ta juya cikin sauƙi. Ramukan hanya, da lodi fiye da ƙima, da ruwan damina mai wanke giris su ne ke cinye shi.

Alamarsa ta farko gurnani ne da ke ƙaruwa da gudun mota. Idan ƙarar ta tsananta sa'ad da direba ya karkata hagu, galibi rulman dama ne ya gaji, domin nauyi ya koma kansa. Makaniki yakan ɗaga motar da kirik, ya kama taya sama da ƙasa ya jijjiga, sannan ya juya ta yana saurare. Motsi ko ƙaiƙayin ƙarfe ya isa shaida.

Magani shi ne sauyi. Ana shigar da sabo da injin matsi, ba da guduma ba, a ɗaure noti daidai gwargwado. Rulman da aka ƙyale yana iya ƙonewa ya riƙe taya, ko ya sake ta, tsakanin Maraɗi da Damagaram, da fasinja cikin mota. Da muguwar rawa, gara ƙin tashi.