Wa Zai Tsaya Wa Mai Shayi?

Jama'a, kowane gari da teburin mai shayinsa. Nan ake jin labaran rediyo, nan ake ƙulla cinikin gero, nan ake gardamar siyasa har dare ya raba. Sanda nake koyarwa, da kuɗin shayi aka saya wa wasu ɗalibaina littafi. To, mai teburin nan ya je banki neman rancen ƙara benci biyu, me za a ce masa? "Kawo takardar fili." Ina ya gan ta?

Hanya kuwa akwai ta. Tun 1977 gwamnatin tarayya ta kafa asusun lamunin manoma: in manomi ya gaza biyan bashi, asusun ya biya banki har kashi 75 cikin 100 na abin da ya maƙale. Irin wannan muke so a yi wa mai shayi da mai tuwo-tuwo da mai tsire.

Kun tuna TraderMoni? Naira 10,000 aka ba kowa a 2018, zaɓen 2019 na bakin ƙofa. Yau ko katan ɗin madara ba ta saye. Duk ɗan takarar da ya shigo garinku, ku zaunar da shi kan bencin mai shayi ku tambaye shi: wa zai tsaya mana a banki bayan an gama ƙirga ƙuri'a?